Sabon Ibadan: Daren da zazzaɓi ya sauka, hankalina ya tashi

 A makon nan za mu rufe kantin magani mu kama hanyar Ibadan, ko Badun kamar yadda kakanninmu suke kiranta. Suna ne ya kai ni, domin ɗiyar Gwaggona ta yi haihuwar fari. Na haɗa turmin atamfa da kayan jarirai da niyyar in kwana biyu, in ci naman suna, in koma bakin aikina a Legas. Sai da na yi kwana biyar, mafi yawansu a kan bencin asibiti. Ina so in ba ku labarin unguwar da na sauka, da abin da ya faru a wani ɗaki a cikinta, har da kuskuren da ni kaina na tafka, domin irinsa yana iya faruwa a gidan kowa.

Daga Agege zuwa Moniya

Jirgin ƙasa na shiga a tashar Agege. Tun da aka buɗe wannan layi a 2021 na huta da cunkoson babbar hanyar Legas zuwa Ibadan. Tafiyar kimanin kilomita 157 ce, kuma ta taga mutum yake kallon kurmi yana wucewa: itatuwan kwakwar manja, gonakin rogo, ayaba a bayan gidaje, sai manyan duwatsu idan an doshi Abeokuta. Kafin azahar mun sauka a tashar Moniya.

Daga nan sai 'yar ƙurƙurar tasin nan ta Ibadan, ƙirar Micra, wadda ake cusa fasinja biyu a kujerar gaba. Mun wuce ta kusa da Sasa, inda motocin tumatir da albasa da attaruhu daga Arewa suke sauke kaya. Mun ratsa Ojoo, mun gifta ƙofar Jami'ar Ibadan wadda aka kafa a 1948, muka bi ta Sango muka gangara Mokola. Da an karya kwana daga Mokola, kunne ne yake fara sanar da mutum ya iso Sabo. Yarbancin da ya cika motar sai ya ja baya, ka fara jin “Hajiya, canji ne?” daga matasan da ke tsaye a bakin titi.

Sabo tsohuwar unguwa ce. A 1916 aka keɓe ta ga Hausawan da ke zaune a Ibadan, kuma goro da shanu ne suka gina ta. Shanu suna gangarowa daga Arewa, goro yana haurawa daga kurmi, masu masauki a Sabo su ne a tsakiya, su sauki baƙo, su adana masa kaya da kuɗi, su tsaya masa wajen ciniki. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar ya nazarci wannan tsari, ya fitar da littafi a kai a 1969. Yau harkar canjin kuɗi ta shigo, ga teloli masu aikin surfani, ga masu shayi da masu tsire, amma har yanzu za ka ga dattijo zaune a gaban huhun goro yana yayyafa masa ruwa. Yaran unguwar kuwa, a jimla ɗaya sai su fara da Hausa su ƙare da Yarbanci, ko a jikinsu.

Ɗakin maijego

Gidan Gwaggo yana can cikin lungu, inda mota ba ta shiga. Na tarar da tsakar gida cike da mata, ana gyaran shinkafa, ana soya cincin, ragon suna yana ɗaure a gindin rijiya. Gobe suna. Maijego ta dawo gida wanka kamar yadda aka saba a haihuwar fari, kwananta shida da haihuwa.

Na shiga na same ta kwance, jaririya a gefenta. Ta yi murmushi ta ce, “Yaya, sannu da hanya.” Da na riƙe hannunta na ji zafi rau. Gwaggo ta ce, “Tun shekaranjiya take haka. Zazzaɓin nono ne, kowace mai haihuwar fari sai ta yi shi. Ga kuma ruwan wanka, kin san da zafinsa ake yi.” Na tambayi abin da aka ba ta, aka miƙo mini leda daga wani kemis: farasitamol, diklofenak, da wani kafso na kashe ƙwayoyin cuta guda shida a ƙulle, babu kwali babu suna. Na ɗora yatsu a wuyan hannunta na duba agogo, bugun zuciyarta 104 a minti ɗaya. Na ce a raina zazzaɓi yana ƙara bugun zuciya da kusan 10 a kan kowane digiri ɗaya, saboda haka lissafi ya fita. Na ce da Gwaggo, “Idan bai sauka zuwa gobe ba, a kai ta asibiti.”

Masu karatu, a nan na yi kuskure, kuma ban faɗa don a tausaya mini ba. Cikar nono tana iya kawo ɗan ɗumin jiki, amma ba ya tsananta kuma ba ya daɗewa. Maijegon da ta kwana biyu da zazzaɓi, ranar ya kamata ma'aikacin lafiya ya duba ta, ba gobe ba. Ban ƙirga numfashinta ba. Ban tambayi yaushe rabonta da fitsari ba. Ban tambayi yanayin jinin biƙi ba, saboda ɗakin cike yake da baƙi kuma na ji nauyi. Na gaji, ina murnar ganin dangi, sai na karɓi bayanin da ya fi daɗin ji.

A saman hasumiya

Bayan la'asar autan Gwaggo ya ce sai ya nuna mini gari. Muka hau babur zuwa dutsen Oke Are, inda hasumiyar Bower take. An gina ta a 1936 don tunawa da Kyaftin Bower, Baturen mulki na farko a Ibadan. Matakalarta a murɗe take, ga ƙunci, shi ya sa mutanen gari suke ce mata Layipo. Idan ka kai sama sai ka ga dalilin da ya sa ake yawan zancen rufin Ibadan. Kwanon rufi ne mai tsatsa, jajaye da ruwan ƙasa, ya malale a kan tuddai iya ganinka. Auta ya nuna mini Cocoa House, dogon benen da aka gama a 1965 da kuɗin koko, ya nuna mini zauren Mapo a kan nasa tudun, sannan ya juya ya nuna gine-ginen asibitin koyarwa na UCH da aka buɗe a 1957. Na lura yadda Sabo take kusa da manyan asibitocin garin, tafiyar 'yan mintuna ce a mota. Ban san cewa a daren zan auna wannan tazara da bugun zuciyata ba.

Mun sauko mun ci amala da miyar ewedu a wata rumfa, muka biyo ta wajen filin wasa na Adamasingba. Muna shiga Sabo ana kiran magariba, hayaƙin tsire ya turnuƙe titi, masu shayi suna jera kofuna.

“An gode Allah, ya sauka”

Da wannan albishir Gwaggo ta tare ni a ƙofar ɗaki. “Shiga ki taɓa ta ki ji, jiki ya yi sanyi ƙalau.” Na shiga na taɓa. Sanyi ne kam, amma ba irin na mai samun sauƙi ba. Tafin hannunta da ƙafafunta sun yi sanyi, ga danshin gumi. Na ce, “Ya jikin?” Ta dube ni ta ce, “Inna, an yi wa yarinyar wanka?” Gwaggo ta yi dariya ta ce barci ne a idonta, ai sau uku ke nan tana wannan tambaya. Ni kuwa gabana ya faɗi. Wadda ta kira ni Yaya da rana, yanzu ba ta gane ni ba.

Na roƙi baƙi su ba mu wuri. Na tura auta kemis ya sayo ma'aunin zafin jiki, na aika a karɓo na'urar awon jinin Baba, mijin Gwaggo, wanda yake fama da hawan jini. Na yagi takarda a bayan kalanda na fara rubutu, da lokaci a gefe.

Numfashi na fara ƙirgawa. Na riƙe hannunta kamar mai duba jijiya, idona a kan ƙirjinta, domin idan mutum ya san ana ƙirga numfashinsa yakan canza shi. Hawa da sauka ɗaya ke nan. A cikakken minti na samu 28. Babban mutum mai lafiya da ke hutawa yana yin 12 zuwa 20.

Bugun zuciya 126, ga shi siriri, da ƙyar yatsa yake kama shi. Na lafiya 60 zuwa 100 ne. Da rana 104 ne da zazzaɓi, yanzu babu zazzaɓi amma ya ƙaru.

Awon jini 94 bisa 58. Zafin jiki digiri 35.8, alhali na mai lafiya yana wajen 36.5 zuwa 37.5. Na danna farcenta na daƙiƙa biyar na saki, sai da na ƙirga huɗu kafin jan ya dawo, abin da ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Rabonta da fitsari tun asuba. Da na tambayi Gwaggo a hankali, ta ce jinin biƙin ya canza wari tun jiya, kuma da na taɓa mararta sai da ta zabura.

Abin da lambobin suke faɗi

Hausawa sun ce jiki magayi, to ga abin da yake gaya mana a irin wannan hali. Idan ƙwayar cuta ta shiga wani sashe na jiki, ko huhu, ko mafitsara, ko mahaifa, ko wani gyambo, garkuwar jiki takan tashi ta yaƙe ta a wurin. Wani lokaci yaƙin sai ya fi ƙarfin wurin ya bazu ko'ina, har martanin jikin ya koma yana lalata gaɓoɓinsa. Wannan shi likitoci suke kira sefsis, mu kuma a gida mukan ce cuta ta shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 an samu kimanin mutum miliyan 49 da suka shiga wannan hali, miliyan 11 suka rasu, wato kusan mutuwa ɗaya cikin kowace biyar a duniya a shekarar. A shekarar ce kuma babban taron hukumar ya zartar da ƙuduri a kan matsalar, kuma duk 13 ga Satumba ake ranar wayar da kai game da ita.

A cikin sefsis hanyoyin jini suna saki su buɗe, ruwan da ke cikinsu ya riƙa tsiyaya zuwa cikin nama. Ku ɗauka famfon unguwa ne da bututunsa suka faɗaɗa kuma suka huje, ƙarfin ruwa dole ya ragu. Zuciya sai ta ƙara gudu don ta cike giɓin, shi ne saurin bugun da muke ji. Gaɓoɓin da jini bai ishe su ba sai su tara sinadari mai tsami a jini, huhu kuma ya ƙara sauri don ya rage tsamin ta hanyar fitar da iska, shi ne saurin numfashi ko da babu tari. Jiki yana janye jini daga fata da hannuwa ya kai wa zuciya da ƙwaƙwalwa, shi ne sanyin tafin hannu. Ƙoda ta riƙe ruwa, fitsari ya ɗauke. Idan abin ya kai ga ƙwaƙwalwa, sai ruɗewa, ko yawan barci, ko surutai.

Ku lura da jerin. Numfashi da bugun zuciya su ne suke fara canzawa, kuma numfashi shi ne wanda aka fi mantawa da shi, a gida da asibiti. Awon jini yakan daɗe bai faɗi ba, musamman ga matasa da yara, saboda jikinsu yana da ƙarfin jurewa. Ranar da ya faɗi, an riga an yi nisa. Wata dabara mai sauƙi ga manya: idan adadin bugun zuciya ya zarce lambar sama ta awon jini, kamar 126 da 94 na ƙanwata, alamar haɗari ce babba.

A 2016 ƙwararru sun fitar da alamomi uku da za a iya dubawa a bakin gado ba tare da gwajin jini ba: numfashi 22 ko fiye a minti, lambar sama ta awon jini 100 ko ƙasa, da canjin hayyaci. Mai ɗauke da wata cuta da aka samu biyu daga cikin ukun a jikinsa yana cikin haɗari. Ƙanwata ta cika duka ukun. Sai dai ba a dogara da su kaɗai, rashin cikarsu ba ya nufin a koma barci.

Zazzaɓi kuwa, shi ne ya fi yaudara. Zafi sama da digiri 38 alama ce, amma sanyi ƙasa da 36 ga mara lafiya ya fi ban tsoro. Kuma a nan aikina ya shigo: farasitamol da diklofenak da ibuprofen suna sauke zafin jiki ba tare da sun taɓa ƙwayar cutar ba. Kamar ka cire batirin ƙararrawa ne wuta tana ci. Ƙari a kan haka, diklofenak da danginsa suna iya ƙara wa ƙoda rauni a lokacin da jini bai ishe ta ba. Kafso shida na maganin da ba a san sunansa ba kuwa, ba ya kashe cuta mai ƙarfi, sai dai ya rikita gwajin da za a yi a asibiti ya kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani.

“A bari a yi suna”

Na fito na samu Baba a zaure da angon ƙarni da wasu dattawa, ana lissafin goron da za a raba da safe. Na durƙusa na gaishe su, na ce, “Baba, ina neman izini a kai ta asibiti yanzu.” Ya ce, “Yanzu da daren nan, 'yata? An ce mini zazzaɓin ya sauka. A bari a raɗa suna da safe, ana watsewa sai a tafi.” Gwaggo daga bayan labule ta ce, “Maijego ba ta fita da dare, ga jama'a sun zo daga Shagamu da Ilorin, me za mu ce musu?”

Ban yi musu ba, domin ba ƙin 'yarsu suke yi ba. Na miƙa wa Baba takardar, na nuna masa lambar awon jinin, tunda shi ya san na'urarsa fiye da kowa. Na ce, “Baba, da kai ka auna ka ga 94, ga zuciya tana 126, za ka jira safiya?” Ya yi shiru yana kallon takardar. Na ce, “Suna ana iya yin sa ko tana asibiti. Abin da nake tsoro shi ne jama'ar da suka zo suna su zauna zaman makoki.” Maganar ta yi nauyi, na sani, kuma na ba shi haƙuri daga baya. Ya miƙe ya ce da angon ƙarni, “Je ka nemo mota.”

A kujera aka ɗauko ta har bakin titi, saboda da ta miƙe jiri yake kwasarta. Ban ƙara mata wani magani ba. Na ɗauki ledar magungunan da katin awon cikinta da takardata.

A sashen gaggawa ban ce “zazzaɓi take yi” ba, domin masu zazzaɓi sun cika benci. Na ce da ma'aikaciyar jinya: maijego ce, kwana shida, numfashi 28, bugu 126, awon jini 94 bisa 58, ba ta cikin hayyacinta, ba ta yi fitsari tun asuba ba, ina tsoron sefsis ne. Ta karɓi takardar ta sake aunawa da kanta, nan take ta kira likita. Aka sa mata allurar ruwa a hannu biyu, aka ɗebi jini don gwaje-gwaje har da na maleriya da na gano irin ƙwayar cutar, aka fara ƙarin ruwa, aka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, aka sa robar fitsari don a riƙa auna abin da ƙoda take fitarwa. Ƙa'idar da ƙwararru suka shimfiɗa ita ce mai irin wannan hali ya samu maganin cikin awa ɗaya da gane shi, domin kowane jinkiri yana ƙara haɗari. Hoton ciki ya nuna ragowar mabiyiya a mahaifa, aka yi mata wankin mahaifa a daren. Idan ba a kawar da tushen cutar ba, magani kaɗai ba ya isa.

Na kwana ina kallon abu biyu, takardar awon da ke ƙafar gado da jakar fitsari. Wajen asuba bugun ya sauko 110, numfashi 23, fitsari ya fara taruwa. Da hantsi ta buɗe ido ta ce, “Yaya, ina yarinyar?” A lokacin can Sabo an yanka rago an raɗa suna, an raba goro, uwar jaririya ba ta nan, kuma babu wanda ya mutu don haka.

Yara da tsofaffi

Kwanakin da na yi ina zirga-zirga tsakanin asibiti da Sabo, matan gidan sun mayar da ni makaranta. Ga abin da na gaya musu, ku ma ku riƙe.

Lambobin yara daban suke. Ana ƙirga numfashin yaro na cikakken minti yana kwance ba ya kuka. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye sauri ne. Daga wata 2 zuwa 11, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Idan ƙasan ƙirjinsa yana lomawa ciki yayin jan numfashi, ko ya ƙi kama nono, ko yana aman duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi da ƙyar ake tashinsa, asibiti kai tsaye. Jaririn da bai kai wata 3 ba ya yi zafi digiri 38, ko jikinsa ya yi sanyi ƙasa da 36, ba a jira da shi ko da yana shan nono. A fatarmu baƙa ba a cika ganin canjin launi ba, saboda haka a duba tafin hannu, harshe, cikin leɓe da cikin fatar ido.

Tsofaffi kuma sau da yawa ba sa yin zazzaɓi sam. Kaka ta wayi gari tana shirme, ko ta faɗi, ko ta ƙi abinci, sai a ce tsufa ne ko iska, alhali ciwon huhu ne ko cutar mafitsara. Da na duba magungunan Baba na ga yana shan atenolol, na gaya masa cewa wannan magani da irinsa suna hana zuciya gudu, don haka ranar da ya kwanta ciwo bugunsa yana iya nuna 80 alhali yana cikin haɗari. Haka nan wanda ya saba da awon jini 160, idan ya sauko 110 yana rashin lafiya, faɗuwa ce, ba sauƙi ba. Mai shan maganin hawan jini ko na suga da ciwo ya kwantar, har ba ya iya ci da sha, ya nemi shawarar likita a ranar game da magungunansa.

Masu ciwon suga, masu sikila, masu ɗauke da cutar da ke karya garkuwar jiki, masu ciki, masu jego har zuwa arba'in, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, duk abin ya fi saurin kama su. Ina ƙara jan kunnen 'yan uwana mata masu shan deksametazon don ƙiba: yana raunana garkuwar jiki kuma yana ɓoye zazzaɓi. Masu 'yar na'urar auna iskar oksijin ta yatsa, 95 zuwa sama shi ne daidai, ƙasa da 92 a nemi asibiti. Amma sanyin yatsa, jan farce da baƙin lalle suna rikita ta, kuma a baƙar fata takan nuna lamba sama da gaskiya. Idan na'ura ta ce lafiya, ido ya ga mutum yana haki, a bi ido.

Abu na ƙarshe, mu rage saurin yanke hukuncin “maleriya da taifot” a kan kowane zazzaɓi. Maleriya mai tsanani tana kawo waɗannan alamomi, zazzaɓin Lassa ma haka, kuma mutum yana iya ɗauke da maleriya da wata cutar a lokaci guda. Gano wacce ce aikin asibiti ne. Aikinku a gida shi ne ku gane cewa jiki ya fara gazawa.

Komawa gida

Ranar da zan tafi na bi ta asibiti, na same ta zaune tana shayar da 'yarta, tana mitar an cinye naman suna babu ita. An sallame ta bayan mako guda. Gwaggo ta rako ni har bakin titin Sabo, ta cusa mini ƙullin goro da kilishi a jaka, ta ce, “Wannan abin auna zafin, bar mini shi.” Na bar mata, na kuma rubuta mata lambobin a bayan kalandar ɗakinta.

Ku ma ku yi haka. Ma'aunin zafin jiki ba shi da tsada, agogo kuma yana cikin kowace waya. Idan wani ya kwanta da zazzaɓi, ko ciwon ciki, ko tari, ko gyambo, ku auna zafi kafin a ba da farasitamol, ku ƙirga numfashi da bugun zuciya, ku tambayi fitsari, ku yi masa magana ku ji ko yana cikin hayyacinsa. Ku rubuta da lokaci, ku sake bayan awa biyu ko uku, domin inda lambobin suka dosa ya fi lamba ɗaya muhimmanci. Idan suna taɓarɓarewa, ko zazzaɓi ya sauka amma mara lafiya ya ƙara laushi, ku ɗauki takardar da duk magungunan da ya sha ku tafi asibiti a lokacin, ko dare ne, ko gobe biki.

A jirgin komawa, muna wuce Abeokuta, na kama kaina ina ƙirga numfashin wata tsohuwa da ke barci a kujerar gabana. 16 ne. Na jingina na yi barcina ni ma.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya raya abin da aka haifa. Sai mako mai zuwa.